Lauyoyi Mata da Ɗakin Karatun Intanet: Ina Gizo Ke Saƙar?

Duk wanda ya san ofishin lauya a Kaduna ko Kano shekaru talatin da suka wuce, ya san cewa darajar ofishi tana jikin bangonsa. Kundayen hukunce-hukuncen nan na mako-mako da marigayi Cif Gani Fawehinmi ya fara bugawa a 1985 su ne jarin babban lauya, kuma ƙaramin lauya bai isa ya fita da ko ɗaya ba. In kana son hujjar da za ka kare kanka gaban alƙali gobe, to sai ka kwana kana buɗe shafuka. Lauya namiji ya iya yin haka. Lauya mace kuwa, musamman matar aure a wannan yanki namu, da an kira Magariba hankalinta ya koma gida, ko da maigidanta mai fahimta ne, domin bakin unguwa ba ya shiru.

Shi ya sa da rumbunan shari'a na intanet irin su LawPavilion da Legalpedia suka bayyana, aka yi zaton gardama ta ƙare. Hukuncin Kotun Ƙoli yana cikin wayar hannu, ana iya nemo shi daga ɗaki bayan yara sun yi barci. Annobar korona ta 2020 ta ƙara tura kowa wannan hanya, har Kotun Ƙoli ta bayyana a watan Yulin shekarar cewa zaman kotu ta intanet bai saɓa wa tsarin mulki ba. Amma har yau ana jin manyan lauyoyi suna cewa mata ba su cika amfani da waɗannan rumbuna kamar maza ba, wasu ma su ƙara da cewa wai mata tsoron na'ura suke yi.

Wannan magana ta ƙarshe ba ta cancanci dogon martani ba. Sana'ar da Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar ta shugabanta daga 2012 zuwa 2014, wadda Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun ta karɓi ragamarta a 2024, ba a cikinta za a ce kwamfuta ta gagari mace ba. Abin tambaya shi ne: a hannun wa mabuɗin yake, kuma me aka zuba a cikin rumbun?

Rumbunan nan na kuɗi ne, ana sabunta rajista duk shekara. A ofisoshi da dama rajistar ɗaya ce, da sunan mai ofis, a kan kwamfutarsa. Wanda ke zama da shi har dare, yana raka shi Abuja ɗaukaka ƙara, shi ke sanin kalmar sirrin shiga. Wato tsohon bangon littattafai bai rushe ba, ya dai koma cikin na'ura. Ƙaramar lauyar da ke son rajistar kanta sai ta cire daga albashin da bai taka kara ya karya ba, ga kuɗin data da hukumar sadarwa ta amince a ƙara da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, ga wutar lantarki da ba ta da alƙawari. Sai ta koma dogaro da zaurukan WhatsApp na abokan karatu, inda ake tura hukunci kyauta, amma babu mai gaya maka ko wata kotu ta sama ta riga ta rushe shi.

Batu na biyu ya fi wannan zurfi, kuma shi ne ba a cika tattaunawa ba. Abin da rumbunan suka fi tarawa shi ne hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli da Kotun Ɗaukaka Ƙara: rikicin zaɓe, bashin banki, kwangila, filaye. Su ne shari'o'in da masu su ke da kuɗin kai su ƙoli. To amma lauyoyin da ke aiki da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ko hukumar ba da agajin shari'a, me ke zuwa gabansu? Riƙon 'ya'ya, ciyarwa, khul'i, gado, dukan mata. Galibin waɗannan a kotun majistare ko ƙaramar kotun Musulunci ake fara su, a can kuma suke mutuwa, domin bazawarar da ke neman kuɗin abincin 'ya'yanta ba ta da halin ɗaukaka ƙara. Hukuncin yana nan cikin fayil, sau da yawa da rubutun hannu, babu mai buga shi. Shari'ar Ukeje ta 2014, inda Kotun Ƙoli ta soke al'adar Ibo ta hana 'ya mace gado, ta shahara ne saboda irinta ba ta cika isa can ba.

Ga lauyar da ke gaban alƙalin Musulunci kuwa, hujjarta tana cikin Tuhfa da Mukhtasar da Risala. Nassin Larabcin yana samuwa a intanet, amma yadda alƙalan Zariya ko Gusau suka fassara shi a aikace ba ya cikin wani rumbu. Idan irin wannan lauya ba ta shiga LawPavilion kullum ba, ai ba ƙyuya ba ce; kasuwar ce ba ta sayar da abin da ta zo nema.

Yanzu ga manhajoji irin su ChatGPT sun shigo, kuma wanda ba shi da rajistar ingantaccen rumbu shi ya fi saurin faɗawa tarkonsu. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da manhajar ta ƙirƙiro, ba su taɓa faruwa ba. Irin wannan abin kunya in ya auka wa ƙaramar lauya a nan, sunanta za a kira, ba na mai ofishin da ya hana ta mabuɗi ba.

Rassan Ƙungiyar Lauyoyi ta Ƙasa suna karɓar kuɗin shekara daga kowa, don haka rajistar haɗin gwiwa da kowane ɗan ƙungiya zai shiga da sunansa ba ta fi ƙarfinsu ba. Su kuma Manyan Alƙalai da Giran Kadi na jihohin Arewa, ikon ba da umarni a riƙa buga hukunce-hukuncen Kotunan Ɗaukaka Ƙara na Shari'ar Musulunci a shafin intanet, bayan an sakaya sunayen yara, yana hannunsu tun yau.