Kada Mu Yi Saurin Ɗora Wa Rediyo Laifi

'Yan'uwana ɗalibai, musamman masu sha'awar kama tashoshin nesa a dogon zango, ina so in jawo hankalinmu ga wata ɗabi'a da ba ta dace ba. Da zarar rediyo ta fara shuu ko ƙara, sai ka ga mutum ya mammake ta, ko ya ce ta lalace, ya nufi kasuwa. A ganina wannan asarar kuɗi ce, domin galibi ba daga akwatin hayaniyar take ba. Wanda ya sayi sabuwa bai binciki dalili ba, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare.

Zangon da ke tsakanin kilohaz 30 da 300 yana tafiya nesa ƙwarai, shi ya sa a 2007 hukumar sadarwa ta duniya ta keɓe wa masu rediyo don sha'awa kilohaz 135.7 zuwa 137.8. Amma zango ne mai kwasar hayaniya, kuma kowace iri da muryarta. Ƙarar da ke fashewa jefi-jefi da damina ta walƙiya ce, ko da hadarin yana can wata ƙasa. Ƙas-ƙas ɗin da ke ƙara sauri idan an ba inji wuta na fulogin babur ne ko janareta. Gunjin da ba ya yankewa kuwa, a tuhumi cajar waya, da ƙwan lantarki mai arha, da inbatar sola, ko wayar wuta da ke tartsatsi a kan falwaya.

To, yaya za a gane mai laifi? Sanin wurin bugu shi ne ƙira. Ka sa wa rediyonka batir, ka kashe wutar gidan gaba ɗaya, har da inbata. Idan ƙarar ta ɗauke, ɓarawon na cikin gida ne, sai ka riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya har ka kama shi. Idan ba ta ɗauke ba, ka fita da rediyon kana jujjuya ta. Eriyar da ke kwance a cikinta sanda ce, kuma a inda ƙarar ta fi raguwa, tsinin sandar yana nuna layin da take fitowa. Ka rubuta lokacin da take farawa da lokacin da take tsayawa.

Wani zai ce wannan wahala ce. Ni kuwa na ce darasin kimiyya ne kyauta. Sai dai a kiyaye abu biyu. Idan daga maƙwabci ne, a yi masa magana cikin ladabi, domin bai san cajarsa tana damun kowa ba. Idan daga falwaya ne, kada a taɓa, a sanar da ma'aikatan wuta.

Allah ya sa mu gane, amin.