Kafin mu sayi fitilar rumfa, mu fara tambayar batirinta

Duk wanda ya taɓa zama bakin titin da ya ratsa Gure, wanda ya taso daga Damagaram zuwa Difa, ya san cewa cinikin da yawa daga cikinmu sai bayan magariba yake kankama. Mai shayi, mai tsire, mai ƙosai da mai soyayyen kifi, dukkanmu fitila ce jarinmu na biyu. Idan ta mutu ƙarfe tara, ciniki ya mutu tare da ita, ga kuskuren canji, ga takardar jabu da ba a ganewa sai gari ya waye.

Mun baro zamanin acibalbal da fitilar ƙwai, kuma ba ma kewar hayaƙin kananzir. Wutar Nigelec kuwa ba kowace rumfa take kaiwa ba, sannan ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar har zuwa farkon 2024. Shi ya sa fitila mai batir ta zama dole. Abin takaicin shi ne yadda muke sayenta: a kunna mana a shago da rana tsaka, mu ga ta haska, mu ji kuɗinta kaɗan ne, mu miƙa. Bayan wata biyu sai ta koma abin wasan yara.

A ganinmu, tambayar farko ita ce wane irin batiri ne a ciki. Mai cin batirin da ake jefarwa ta fi araha ranar saye, amma mu yi lissafi: idan tana cinye guda 2 duk kwana 3, guda 20 ke nan a wata, 240 a shekara. Ita kuwa mai caji iri biyu ce. Akwai mai nauyi, wadda batirinta na darma ne. Wannan idan aka bar ta kwana da kwanaki babu caji, ta lalace ke nan. Akwai mai batirin litiyom, irin na wayar salula, ba ta da nauyi kuma ta fi jure caji sau da yawa. Ita muke ba shawara, ko da za a yi adashi kafin a saya.

Tambaya ta biyu, awa nawa take yi? Kada mu yarda da rubutun kwali kawai. Mu nemi sharaɗi da mai shago cewa za mu gwada ta dare guda, idan ba ta kai ba mu dawo da ita. Fitila mai matsakaicin haske da ke kaiwa sha biyun dare ta fi mai kashe ido da ke dushewa kafin a sallame isha'i.

Na uku, launin hasken. Farin haske mai shuɗi-shuɗi yana sa nama da kifi su yi fari fat kamar sun kwana, kuma da damina shi ƙwari suka fi bi. Mai ɗan ja-ja ya fi dacewa da mai sayar da abinci.

Sai kulawa. Zafin Afrilu da Mayu a Gure yana cin batiri, don haka farantin sola ne ke zama a rana, fitilar a ajiye ta a inuwa. Da hunturu a riƙa goge ƙurar farantin kullum, in ba haka ba cajin ba zai cika ba. Mataccen batiri kuma kada a jefa shi kusa da rijiya ko a bar wa yara, domin darma guba ce.

Muna kira ga 'yan uwanmu masu sarin fitilu daga Kano da Damagaram da su ji tsoron Allah su faɗa wa mai saye gaskiyar kayansu. Mu kuma mu tuna da abin da magabata suka ce, sayen nagari mayar da kuɗi gida. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.