Wasiƙa zuwa ga masu kafa shinge na ƙasar Gaya da Ajingi

Iyayena da yayyena masu dagi da igiya, 

Kaka ta wuce, kara ya bushe, an fara sakin dabbobi a gonaki, kuma masu lambun rani a fadamun Ajingi da masu rogo a jigayin Kademi da Shagogo duk ku suke nema. Shi ya sa na ga gara in yi maganar nan yanzu, tun kafin ku haƙa ramin farko. Ni ba sana'ata ba ce. Manomi ne ni da na biya kuɗin shinge sau biyu a gona ɗaya, na farko don a kafa, na biyu don a tuge a sake. Wanda ya yi mini na farkon ba rago ba ne, ramukansa ma sun fi na kowa zurfi. Abin da ya kayar da shi, da ƙafarsa ya auna.

Taki ba ma'auni ba ne. Takinka na hantsi daban, na bayan azahar daban, lokacin da rana ta dafa ka kuma rairayi yana riƙe maka dunduniya. Takin yaronka ma daban ne da naka. Ku duba lissafin. Gona mai hekta ɗaya, idan murabba'i ce, kowane gefe mita 100 ne, kewayenta mita 400. In an bar mita biyu da rabi tsakanin dirka da dirka, dirkoki 160 za ta ci. To a ce taki ya ragu kaɗan, tazarar ta koma mita biyu da kwata ba tare da kowa ya lura ba: dirkoki sun tashi wajen 178. Goma sha takwas ke nan da ba a yi cinikinsu ba, kuma a kansu ne za ku tsaya da mai gona a bakin hanya, shi yana ganin an ci shi, kai kana ganin ka yi asara. In kuma takin ya ƙaru, waya ce za ta yi ciki a tsakiya, akuya ba ta buƙatar gayyata.

Ban ce dole sai kowa ya sayi tef ba. Kakanninmu da kamu da gaba suka yi aiki, kuma dangarsu ta tsaya. Dabararsu ita ce a auna sau ɗaya, a yanka sanda daidai tsawon, sannan sandar ta zama alƙali daga farkon aiki har ƙarshensa. Sanda ta fi igiya mai ƙulli amana, domin igiyar roba tana miƙewa idan an ja ta, ta rama kuwa tana takurewa idan raɓa ta taɓa ta. Kuma a riƙa aunawa daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar rami. Wanda ya auna daga gefen wannan dirka zuwa gefen waccan, kaurin kowane itace yana shiga lissafinsa a ɓoye, har a zo dirka ta ashirin ya tarar ya zarce da mita biyu.

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan maganar kusurwa, wadda ita ce ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Yawancin masu shinge daga gefe ɗaya suke farawa, su yi ta kafawa suna tafe, sai inda ƙasa ta ƙare. Haka aka yi mini. Shingen ya taso a miƙe, ya zo wajen wata tsohuwar tsamiya ya ɗan kauce, bai kuma komawa kan layi ba. A ƙarshen gona ya shiga ƙasar maƙwabcina da abin da bai fi kamu biyu ba. Kamu biyu! Amma sai da muka zauna gaban mai unguwa, daga nan gaban dagaci, kuma mutumin da muka tashi tare ya yi wata uku yana amsa gaisuwata da ka. Kowa a nan ya ji gargaɗin malamai a kan cin taƙi ɗaya na ƙasar wani. Mai gona ne zai amsa tambaya, na yarda, sai dai hannun da ya haƙa ramin naka ne.

Saboda haka kusurwoyi ake fara kafawa, kuma ba a kafa su sai maƙwabci yana tsaye. In gonar gado ce da aka raba, a kira wanda ya halarci rabon. Tushen gamba da aguwa da cini-da-zugu da magabata suka dasa a kan iyaka shaidu ne, kada a tuge ko ɗaya don ya tare wa igiya hanya. In fuloti ne a cikin garin Gaya ko gefen titin da ya taso daga Wudil, nemi shaidar siminti da masu safiyo suka binne, ko da sai ka yi tono. Takarda ta shigo harkar fili, amma a karkara har gobe bakin dattawa da tushen gamba ne ke raba gardama. Wajen burtali kuwa, ko mai gona ya ce ka ɗan matsa, kada ka matsa. Shanun da ke bi zuwa mashaya ko kasuwar Wudil ba su san an yi shinge ba, kuma rigimar da ke biyo baya ta fi ƙarfin mai unguwa.

In an kafa kusurwoyi, sai a ja igiya daga wannan zuwa waccan, ta yi tsam. Gefe mai tsawo, igiya ba ta isa. Sai a tsayar da sanda a tsakiya, mutum ya koma bayan kusurwa ya rufe ido ɗaya, a yi ta gusar da sandar har ukun su haɗu su zama ɗaya a idonsa. Kusurwar fuloti da ake son ta tsaya cak, magina sun daɗe da sanin maganinta: auna uku a wannan gefe, huɗu a wancan, in tsakanin alamomin biyu ya ba ka biyar to ta daidaita. Ko da ƙafa ka auna ko da mita, duk ɗaya ne.

Sai a raba. A ce gefen mita 46 ne. In ka bi da biyu da rabi daga farko, za ka yi tazara 18, mita ɗaya ya yi saura a ƙarshe, dirkoki biyu su cunkushe kamar haƙoran da suka hau juna. Raba 46 ɗin gida 19, kowace tazara ta zama mita 2 da santimita 42, ka yanka sandarka a haka. Dirkokin wannan gefe 20 ne, domin layi mai baki biyu kullum yana cin ɗaya sama da adadin tazararsa. Amma in shingen ya zagayo ya haɗe, dirka da tazara daidai suke: fuloti mai ƙafa 50 da 100, kewayensa ƙafa 300, a tazarar ƙafa 10 dirkoki 30 ne, ba 31 ba. Ƙofa dabam ce, a fitar da faɗinta tun farko, a auna ta da amalanken da zai shiga ɗauke da kara.

Nawa ya kamata tazarar ta kasance? Abin da za a ɗaura ne ke faɗa. Zana, tsawonta za ka bi, yadda kowace mahaɗa za ta faɗa kan dirka. Dangar kara tana son dirkoki kusa-kusa da tanka mai ƙarfi, saboda iska take tarewa gaba ɗaya, kuma kun san daga gabas hadari yake taso mana. Gefen nan a ƙara masa itace. Waya mai ƙaya ba ta tare iska, tana jure nisa, amma duk nauyin janta a kusurwa yake taruwa, don haka a ba kusurwa itace mafi kauri da tokara daga ciki. Jigawa ba ta riƙe dirka kamar laka, gara a rage tazara a ƙara zurfi. Kashi ɗaya cikin uku na tsawon itacen ya shiga ƙasa. Lakar fadama kuma tana tsagewa da rani ta saki abin da ta kama.

Itace dai kun fi ni sani. Ƙirya ce sarauniya, gara ba ta iya mata, amma yau neman ta ake yi, don maƙera ma gawayinta suke so, kuma ƙira a Gaya ba baƙuwa ba ce: tarihin Kano ya ce Abagayawa, maƙeran da suka fara zama gindin Dala, daga nan suka tashi. Darbejiya da turare su ne a hannu, sai a babbake gindinsu ko a shafe shi da baƙin mai. Ni kam na koma dashi. In aka kafa reshensa da bazara, gab da faɗuwar ruwa, yakan kama ya yi saiwa, dirka ta zama bishiya. Wannan ma ƙarin dalili ne na kula da layi, don busasshen itace in ya kauce ana tuge shi da safe, amma dashin da ya shekara biyar a wurin da ba nasa ba ya riga ya zama iyaka a idon yara.

Bana ina da gefen yamma da zan sake, wajen mita 60. Na yanka sandata, na kuma gaya wa maƙwabcina ranar. Wanda yake da sarari bayan sallar Juma'a ya zo da daginsa, igiya da fura daga gare ni.

Wassalam,
ɗan'uwanku manomi daga ƙasar Gaya.