Petit Marché: me ya sa sautun 'yan kasuwa ke cijewa a hanya?

A Petit Marché da ke tsakiyar birnin Yamai, wadda Zabarmawa ke kira Habou Ganda, ƙorafi ɗaya ne a bakin masu sayar da kayan lambu da na marmari: an yi sautun kaya, an biya kafin alƙalami, amma kayan sun makara, ko sun zo ba cikakku ba, ko rabinsu ya ruɓe. Mai tebur na zargin ɗan sari, ɗan sari na zargin direba, shi kuwa direba ya ɗora wa hanya laifi.

Hanyar tana da nata kason. Kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, mafi yawan kayan da Nijar ke shigowa da su ta teku suna bi ne ta tashar Kwatano, su ƙetare gadar Malanville zuwa Gaya, tafiyar kimanin kilomita 1,000 har Yamai. Ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi a ranar 30 ga Yuli, ta ɗage shi ranar 24 ga Fabrairu 2024, amma hukumomin Nijar suka bar iyakarsu da Benin a rufe bisa dalilan tsaro. Manyan motoci suka koma hanyar Lome ta Burkina Faso, ta Dori da Tera, inda sai an tara ayari an samu rakiyar sojoji kafin a motsa. Wasu kayan kuma a Malanville ake sauke su, a ƙetare kogin Isa da su a kwale-kwale. Buhun shinkafa na iya jira, abarba da ayaba ba su iya ba.

Sai batun farashi. Tun da Najeriya ta saki naira a watan Yuni 2023, canjinta da CFA bai tsaya wuri ɗaya ba. Idan farashi ya tashi tsakanin ranar sautu da ranar lodi, musamman gab da azumi, wani mai kayan kan karkatar da su ga wanda ya fi biya.

Sai dai tushen matsalar yana cikin cinikin kansa. Galibi da baki ko ta waya ake ƙulla shi, a tura kuɗi ta Nita ko Amana. Rasit ɗin na nuna an biya, amma bai faɗi yawan kwali, ranar isowa, ko wanda zai ɗauki asara in kaya sun lalace ba. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke aiki da ita, ta amince da cinikin baka, kuma akwai kotun kasuwanci a Yamai. Amma mace mai tebur ɗaya da wuya ta kai ƙarar wanda gobe shi ne zai ba ta kaya bashi. Don haka asarar kan sauka a kan mafi ƙaramin jari, daga nan ta wuce kan mai cefane.

Buɗe iyaka ba a hannun 'yan kasuwa yake ba. Abin da ke hannunsu shi ne su riƙa rubuta yawa, farashi da rana ko da a saƙon waya, su raba biya gida biyu, ƙananan kuma su haɗa sautunsu wuri ɗaya ƙarƙashin shugabannin kasuwa, domin murya ta yi nauyi idan an saɓa alkawari.