Kafin ka zuba miliyoyi a madubin kallon tsuntsaye

Kamfanoni uku ne ke riƙe da kambun madubin hangen nesa a wajen masu kallon tsuntsaye: Swarovski na ƙasar Austiriya, sai Zeiss da Leica na Jamus. Manyan samfuransu, NL Pure da Victory SF da Noctivid, kowanne kuɗinsa na kai-komo a kusa da dala 3,000. A nairarmu ta yau miliyoyi ke nan. Abin da ke damuna shi ne yadda mai saye ke yanke hukunci da sunan kamfani da lambar da ke jikin kwali, alhali idonsa ne zai yi shekaru yana aiki da abin.

Tambayar farko da mutanenmu ke yi ita ce, "Ninki nawa yake jawowa?" Nan ake fara faɗawa rami. Idan ka ga 8x42, ana nufin yana kusanto da abu ninki 8, faɗin gilashin gaba kuma milimita 42 ne. Raba 42 da 8, za ka samu 5.25, faɗin hasken da ke isowa idonka ke nan. Da jawowa ta ƙaru, hasken nan sai ya tsuke, filin da kake gani ya ragu, rawar hannunka ta ninku. Shi ya sa ƙwararru suka tsaya a ninki 8 ko 10. Mai ninki 20 da ake talla a kasuwa, tsuntsu zai tashi kafin ka same shi.

Gaskiyar madubi tana fitowa ne a wurin wahala. A cikin kanti, ƙarƙashin fitila, har mai araha kyau yake yi. Fita da shi waje ka nemi hankaka a kan wayar lantarki, farin sama na bayansa. Baƙi da fari a jiki ɗaya, babu gwajin da ya fi wannan tona asiri. Dubi inda baƙin gashin ya haɗu da farin ƙirji: in ka ga wani siririn layi mai ruwan shuɗi-ja ko kore, gilashin ya kasa tara launuka wuri guda. Madubi na gaske a tsakiya ba ya nuna wannan layi, sai dai ɗan kaɗan a gefe. Daga nan matsar da hankakan zuwa bakin da'irar, ka ga ko har yanzu kana rarrabe gashinsa ko ya dushe.

Gwajin da na fi ba muhimmanci shi ne na hantsi da la'asar sakaliya. Juya wajen da rana take, ba tare da ka kalle ta ba ko da wasa, domin hakan na makantarwa, ka dubi inuwar bishiya ko gefen tafki. Wani madubin sai wani farin hazo ya lulluɓe hoton, musamman daga ƙasa. Haske ne ya ɓata hanya a cikin bututun. A dausayin Hadeja da Nguru, inda agwagwan Turai ke sauka lokacin sanyi, ruwa na ƙyalli, ƙurar hunturu ta riga ta cinye rabin launi, wannan hazon shi ke raba gane tsuntsu da yin zato. Kuma a nan manyan ukun ma suna da bambanci, har tsakanin mutum da mutum, gwargwadon yadda madubin ke zama a kwarmin idonsa.

Yaƙi da ɓatan haske ya daɗe. Gilashin da ba a yi masa shafe ba yana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na haske a kowace fuska, ga shi fuskokin da ke cikin madubi sun haura goma. A 1935 Alexander Smakula na kamfanin Zeiss ya ƙirƙiro shafen da ke rage wannan asara, a 1988 kamfanin ya kawo wani shafen da ya gyara kaifin hoto a madubai masu miƙaƙƙen bututu. Yau manyan suna isar da sama da kashi 90 cikin 100. Amma fasahar ta bazu, masu matsakaicin kuɗi ma sun samu, kuma da tsakar rana a tsakiyar hoto da ƙyar ido zai raba su da na miliyoyi.

To me ake biya? Faɗin fili, da farko. Daga nisan mita 1,000, NL Pure 8x42 yana nuna faɗin mita 159, Victory SF 148, Noctivid 135. Mai bin ƙananan tsuntsaye a cikin duhuwa ya san darajar wannan. Sai kuma daidaita hoto har gefe, sai dai yana da tasa matsalar: wasu idan suna juya madubin a hankali sai su ga filin yana mulmulawa, har jiri ya ɗebe su. Kwali ba zai gaya maka ko kana cikinsu ba. Mai sa tabarau kuma ya tabbatar yana ganin da'irar duka ba tare da ya cire ba. Kowa ya daure ya yi minti goma yana kallo, domin in bututun biyu ba su saitu ba, ciwon kai ne zai sanar da shi.

Ra'ayina dai: mai hali da zai yi shekara ashirin yana fita daji, ya gwada ukun da idonsa, ya ɗauki wanda ya zauna masa. Amma ƙungiyoyin da ke ƙidayar tsuntsayen ruwa kowane Janairu, da ɗaliban da ke koyon aikin a cibiyar APLORI ta dajin Amurum kusa da Jos, kuɗin babba ɗaya zai saya musu matsakaita biyar ko shida masu kyau. A ƙasar da ke da nau'in tsuntsaye sama da 900, ƙarancin masu kallo ne matsalarmu. Kuma kowanne za a saya, a tambaya ko a toshe yake ruf da iskar naitirojin a ciki, domin ƙurar hunturu da laimar damina ba sa raga wa wanda ba a toshe ba, gyaransa kuma sai an kai ƙasar waje.