Makin 3DMark ba ya buga maka gem

1/ Jama'a, a faɗi gaskiya komai ɗacinta. Wannan gasar ɗora hoton makin 3DMark da 'yan gem suka tsiro da ita, ga mai ƙaramin kati irin GTX 1650 ko RX 580, ɓata lokaci ce. Wani lokacin ma kashe kati take yi. Zare 🧵

2/ Gwajin Time Spy na 'yan mintoci ne. Kati na da sanyi, ya zabura, ya ba ka lamba mai kyau. To zauna awa biyu kana GTA V da rana tsaka a watan Afrilu, waje ya kusa digiri 40. Da zafi ya taru, katin da kansa yake rage gudu. Makinka bai ga wannan ba.

3/ Kuma matsakaicin FPS ruɗi ne. FPS 60 na nufin hoto ɗaya a kowace milisakan 16.7. In hoto guda ya ci milisakan 100, gem ya cije, an harbe ka, amma matsakaici ko gezau. Buɗe MSI Afterburner da RivaTuner, ka kunna 1% low. Nan asirin katinka yake.

4/ Sai masu cewa "ka ƙure masa gudu kawai". Mu yi lissafi: a ce ka samu ƙarin kashi 5 cikin 100. FPS 40 ya zama 42. Wallahi idonka ba zai gane ba. Abin da za ka gane shi ne ihun fanka da baƙin allo a tsakiyar wasa.

5/ GTX 1650 wat 75 ne, da yawansu ma daga ramin uwar allo kaɗai suke shan wuta, babu inda za su samo ƙari. RX 580 kuwa wat 185 take ci tun daga kamfani. Ka ƙara mata wuta a kan arhar fawa sufulai da wutar NEPA mai hawa da sauka? Malam, ka ji tausayin aljihunka.

6/ Mafi muni, masu canza BIOS don a ce sun fi kowa maki. Bayan Ethereum ta daina haƙa da katin girafik a Satumbar 2022, tsofaffin katuna sun cika kasuwa, wasu sun sha aiki dare da rana, wasu an riga an taɓa musu BIOS. Ka sake taɓawa, fayil ɗaya ya kuskure, kati ya ƙi tashi.

7/ Wani zai ce: to gwajin ba shi da amfani kenan? Yana da shi, ranar saye. Buɗe GPU-Z a gaban mai shago. RX 580 ta asali ƙwayoyin aiki 2304 gare ta. In ka ga 2048, wannan 2048SP ce, adadin RX 570 kenan da sunan yayarta. Nan ne wurin gwaji.

8/ Kana son gem ya tafi sumul? Fara da ƙura. Bayan hunturu buɗe akwatin ka hure fanka da ƙarfen sanyaya. Kati ya shekara biyar? Canza masa man da ke kan cif ɗin.

9/ Mai RX 580, shiga manhajar AMD ka rage masa wuta kaɗan-kaɗan kana gwadawa, ba ƙarawa ba. Zafi ya sauka, gudu ya tsaya wuri ɗaya. RAM kuma sanda biyu ta 8GB ta fi sanda ɗaya ta 16GB.

10/ Ka rabu da Ultra. Rage inuwa da hasken madubi. In katinka 4GB ne, rage ingancin zanen jikin abubuwa, don in ma'ajiyarsa ta cika cijewa ce za ta biyo. DLSS ba ya aiki a GTX 1650, amma FSR na AMD yana yi. Kunna shi.

11/ Sannan ka kulle FPS a inda katin zai iya riƙewa. 45 tsayayye ya fi 70 mai faɗowa 25 duk sanda aka jefa gurneti.

12/ Mai son yin alfahari, bismillah: buga gem awa ɗaya cur, ka ɗoro mana 1% low da zafin katinka a ƙasan zaren nan. Makin kati mai sanyi kuma ka ajiye wa wanda za ka sayar wa.