Ƙarar bindiga da kunnen maharbi: Kayan aikin da ake mantawa da shi a Sakkwato

Cikin 'yan shekarun nan, yawan mutanen da ke riƙe bindiga da sanin hukuma ya ƙaru a Arewa maso Yamma. A watan Oktoban 2023 Jihar Katsina ta ƙaddamar da rundunarta ta tsaron al'umma, Zamfara ta fito da Askarawa a Janairun 2024, sannan Gwamna Ahmed Aliyu ya ƙaddamar da ta Sakkwato a cikin shekarar. A watan Mayun 2025 kuma Shugaba Bola Tinubu ya amince a ɗauki dakarun tsaron dazuzzuka. A duk waɗannan shirye-shirye ana dogaro da mafarauta da 'yan banga, domin su suka san daji.

A wajen bikin ƙaddamarwa ana lissafa motoci da babura da kaki da makamai. Ba kasafai ake jin an ambaci abin kare kunne ba, alhali kunne na cikin gaɓoɓin da bindiga ke fara yi wa illa, kuma illar kan faɗa wa mai harbin ne da wanda ke tsaye kusa da shi. Ga mutumin da ke shiga daji da dare, raunin ji na iya zama sanadin rasa rai.

Yadda harbi ke cin kunne

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Hirar mutum biyu ba ta wuce 60 ba. Hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ta ce kada ma'aikaci ya wuce awa takwas a cikin ƙara mai ƙarfin 85, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. Ga ƙarar da ke fashewa farat ɗaya, iyakar da aka sanya ita ce 140. Ƙaramar bindiga ma tana kaiwa nan, yayin da bindigar farauta mai baki biyu da irin su AK-47 ke kai 150 zuwa 160, wani lokaci fiye. Ke nan harbi ɗaya ya isa ya bar tabo.

Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani sashe mai siffar katantanwa da ke ɗauke da ƙwayoyin halitta kusan 15,000 masu gashi-gashi. Su ne ke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Ƙara mai tsanani tana karya su, kuma a jikin ɗan Adam wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Shi ya sa maharbi kan ji kunnensa ya toshe ko yana ƙugi bayan harbi. Zuwa gobe abin ya lafa, sai ya ɗauka ya warke, alhali wani ɓangare ya tafi ke nan.

Abin da ke fara ɓacewa shi ne siririn sauti: karyewar kara, motsin busasshen ganye, fito daga nesa, da baƙaƙe irin su “s” da “sh” da “ts” a cikin magana. Mutum yana jin ana magana amma ba ya rarrabe kalmomin, musamman a kasuwa ko wurin taro. Likitocin kunne sun kuma san wata alama: wanda ke dafa gindin bindiga a kafaɗar dama, kunnensa na hagu ne ya fi lalacewa, saboda shi ke fuskantar bakin bindigar.

Bindigar gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki tana da nata haɗarin, domin babu ma'auni tsayayye. Mai ita ne ke zuba yadda ya ga dama, kuma a wajen hawan Sallah ko tarbar manyan baƙi akan cika ta ne don ta yi ƙara sosai, galibi a tsakiyar jama'a har da yara.

Kunnen da ya riga ya gaji

Wanda ya san Runjin Sambo ya san ba unguwar shiru ba ce. Ababen hawa na bi ta gadar sama da ƙarƙashinta tun safe har dare, ga 'yan kabu-kabu da masu keke napep, ga masu walda da injin niƙa da janareta. Mafarauci a birni ba da farauta kaɗai yake ci ba. Da rana yana kan babur ko a gaban injin, idan rani ya yi an gama girbi ya bi ayarin farauta, ko kuma ya yi sintirin dare a unguwa.

Kunne ba ya ware ƙarar sana'a da ta bindiga, duk a asusu ɗaya yake tara su. Saurayin da ya fara wannan rayuwa yana ɗan shekara 20 zai iya kai 40 yana cewa “na'am?” sau biyu kafin ya amsa, iyalinsa na zaton taurin kai ne ko tsufa ya zo da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 430 a duniya ke fama da raunin ji da ke buƙatar kulawa, kuma ƙara na cikin dalilan da za a iya kauce wa.

Hujjar mafarauta

Mafarauci zai ce: yaya zan toshe kunnena a daji? Da kunne yake gane inda nama yake, da shi yake jin haushin karensa da kiran abokin tafiya. Ɗan sintiri kuma da kunne yake jin ƙarar babura tun suna nesa. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Wannan hujja gaskiya ce, kuma duk shawarar da ta yi watsi da ita ba za ta karɓu ba.

Sai dai hujjar ta fi goyon bayan kariya. Wanda ya bar bindiga ta cinye masa siririn ji ya toshe kunnensa ke nan har abada, kuma irin sautin da ya fi buƙata a daji ne ya rasa. Don haka abin dubawa shi ne wane irin matoshi ya dace da wane wuri.

Zaɓi huɗu

Na farko shi ne matoshin soso. Shi ne mafi araha, kuma idan an sa shi daidai yana cikin mafi ƙarfi. A jikin fakitinsa akan ga lambar NRR ta Amurka, wadda ba ta cika wuce 33 ba, ko SNR ta Turai. Lambar daga ɗakin gwaji ta fito, shi ya sa NIOSH ta ba da shawarar a ɗauki rabinta kawai a matsayin abin da soso ke bayarwa a hannun yawancin mutane. Matsalar daga sawa take. Ana murza shi da yatsu masu tsabta har ya zama siriri, a zagaya da ɗaya hannun ta bayan kai a ja kunnen sama da baya, a tura shi ciki, a riƙe kamar daƙiƙa 30 har ya kumbura. Idan ana hango rabinsa a waje, bai shiga ba. Soso yana rage kowane sauti, don haka wurinsa filin atisaye ne da harbin biki.

Na biyu shi ne matoshin roba mai matattara. Yana da ɗan ƙaramin rami da ke barin magana da motsi su wuce, amma ya tare kaifin ƙarar harbi. Ba ya buƙatar batir, ana wanke shi a sake sawa, kuma yana jure zafi da ƙurar Sakkwato. Kariyarsa ba ta kai ta soso ba idan harbi ya yi yawa, amma ga mai farauta ko sintiri da zai yi harbi jefi-jefi, shi ya fi dacewa da aljihu da kuma aiki.

Na uku shi ne mai lantarki. Yana da ƙaramin makirfo da ke ɗauko sautin waje, har ya ƙara masa ƙarfi, amma ba ya barin ƙarar harbi ta wuce. Yana da tsada, yana buƙatar caji, kuma wanda zai kwana uku a daji sai ya yi wannan lissafi. A nan ne kuma ake yawan ruɗar mai saye: abin sauraron waƙa na waya, ko da an ce yana kashe hayaniya, ba a ƙera shi don ƙarar bindiga ba. Duk wanda babu lambar NRR ko SNR a jikinsa, a bar shi.

Na huɗu shi ne wanda ƙwararren ma'aikacin ji ke auna ramin kunnen mutum ya ƙera masa. Ya fi zama daram kuma yana daɗewa, sai dai samunsa na buƙatar zuwa babbar cibiya.

A wurin atisaye inda mutane da yawa ke harbi a jere, an fi so a haɗa soso da babban marufin kunne na waje, abin da ke ƙara kusan desibel 5. Auduga ko tsumma ko takarda kuwa, abin da suke ragewa bai taka kara ya karya ba.

Darasi daga sojojin Amurka

Sayen kaya kaɗai ba ya wadatarwa. Daga 2003 zuwa 2015 sojojin Amurka sun yi amfani da wani matoshi mai baki biyu, samfurin Combat Arms, a yaƙe-yaƙen Iraƙi da Afghanistan. Daga baya sama da mutum 200,000 suka kai kamfanin 3M ƙara, suna zargin matoshin yana sassautawa a kunne ba tare da mai shi ya sani ba. A watan Agustan 2023 kamfanin ya amince ya biya kusan dala biliyan 6, ba tare da amsa laifi ba. Har yau ƙugin kunne ne kan gaba cikin larurorin da ake biyan tsofaffin sojojin ƙasar diyya a kansu.

Idan haka ta faru a ƙasar da ke da dokoki da ɗakunan gwaji, to jihar da za ta ba ɗan kwangila odar matoshi ba tare da duba inganci da koyar da sawa ba, asarar kuɗi kawai za ta yi.

Abin da ya rage a yi

Ga gwamnatin jiha, lissafin mai sauƙi ne. Kwalayen soson da za su ishi ɗaruruwan dakaru a lokacin horo ba su kai kuɗin babur ɗaya ba. Ya kamata a sa matoshi cikin kayan aikin kowane ɗan runduna, a gwada jinsa ranar ɗaukarsa, a riƙa maimaitawa duk shekara. Ba tare da gwajin farko ba, wanda ya kurmance a bakin aiki ba shi da hujjar neman haƙƙinsa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, ga kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999.

Shugabannin mafarauta su ma suna da rawar takawa, domin yaro ba zai sa abin da ubangidansa ke yi wa dariya ba. Idan Sarkin Baka ya sa, na baya za su sa. Su ne kuma za su iya hana harbi kusa da kan abokin tafiya, ko cikin mota, ko jikin bango inda ƙara ke dawowa.

Wanda kuma ya yi harbi ya wayi gari kunnensa bai buɗe ba, ko ya ga jini ko ruwa na fita, ko jiri na ɗibarsa, ya nufi asibiti ba tare da jinkiri ba, domin a kwanakin farko ne magani ya fi tasiri. Kada a ɗiga mai ko turare ko ruwan ganye, don idan dodon kunne ya fashe hakan na iya jawo ƙwayoyin cuta. Fashewar dodon kunne takan haɗe da kanta cikin makonni, amma jin da ya mutu a can ciki sai dai a tallafa masa da na'ura, wadda kuɗinta ya ninka na matoshi sau ɗaruruwa.